Yadda Ake Zaɓar Haruffa Masu Dakali da Karkata Domin Kanu da Tambari

Akwai wani nau'in haruffan ɗab'i da masu zane ke kira silab serif, wanda ake gane shi da cewa yawancin haruffansa suna tsaye a kan wata ƙafa mai faɗi da kauri, kamar an gina musu dakali. A birnin Landan aka fara sayar da irinsu, inda Vincent Figgins, wani mai ƙera haruffan ɗab'i, ya fito da su a wajajen shekarar 1815 domin allunan talla da ake so a hango daga nesa. Daga baya samfurin haruffa mai suna Clarendon ya fito a 1845, sannan Rockwell na kamfanin Monotype a 1934. Idan aka haɗa wannan kauri da karkatar harafi zuwa dama, sai kanu ya sami nauyi da motsi a lokaci guda, shi ya sa ake yawan ganinsu a shafukan wasanni da jikin kwalayen kaya.

Abu na farko da ya kamata mai zane ya tabbatar shi ne ko samfurin da ya zaɓa yana da karkataccen zubi na asali, wato wanda mai ƙirƙirarsa ya zana da hannunsa, ko kuwa kwamfuta ce za ta tura haruffan gefe da kanta. A nan ne mafi yawan aiki yake lalacewa. Roboto Slab, wanda ake samu kyauta a Google Fonts, kyakkyawan samfuri ne amma ba shi da karkataccen zubi, don haka idan aka danna maɓallin karkatarwa a wata manhaja, manhajar ce kawai take lanƙwasa shi. Sakamakon shi ne harafin o ya koma kamar ƙwan da aka taka gefe guda, kaurin sanduna ya daina daidaita, dakalin kuma ya yi kamar zai zame. A ƙaramin allon waya ba lallai ido ya kama wannan ba, amma a kan ƙyallen talla mai faɗin mita uku kowa zai ga cewa wani abu bai zauna ba. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce a rubuta ƙaramin a da ƙaramin f, a kwatanta tsayayye da karkatacce, domin a zubi na asali sau da yawa siffar waɗannan haruffa kan sauya gaba ɗaya. Zilla Slab, wanda aka zana wa kamfanin Mozilla a 2017, da Arvo da Bitter da Aleo duk suna da karkatacce mai kauri na asali, kuma duk kyauta ne.

Abu na biyu ya shafe mu masu rubutu da Hausa kai tsaye, kuma ina ganin ba a ba shi muhimmancin da ya cancanta. Kafin a amince da kowane samfuri, a rubuta jimla irin wannan da manyan haruffa da ƙanana: Ƙungiyar Ɗalibai ta Ɓullo da Sabon Tsari. Idan samfurin ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, manhaja za ta aro su daga wani samfuri dabam, sai a ga siririn harafi tsaye a tsakiyar kalma mai kauri da karkata, ko kuma akwati fanko a gurbinsa. Wanda yake yi wa masu karatu na Nijar aiki ya ƙara da ƴ a cikin gwajin. Abin takaici ne a cire ƙugiyar harafi don kawai samfuri ya yi kyau, domin ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne. Idan samfurin ya gaza, a sauya shi.

Game da tazara, haruffa masu dakali sukan yi karo da juna a ƙafa, musamman inda r ya haɗu da a. A kanu ana iya matse tazarar kaɗan, amma a tambari dole a duba kowane haruffa biyu da ke maƙwabtaka a gyara da hannu. Kada kuma a yi dogon rubutu da su. Kalmomi shida ko bakwai sun isa, sauran bayani a sa shi da samfuri marar ƙafa, tsayayye, mai sauƙin karatu.

Tambari kuwa sai an gwada shi a ƙarami kafin a yi murna da shi a babba. A rage shi zuwa girman hoton shafin WhatsApp, a buga shi baƙi da fari a takarda, a ga ko ramukan da ke cikin e da a sun toshe, domin kauri mai yawa yakan cinye su, musamman a hatimi da ɗinkin hula ko riga. A karanta lasisin samfurin a tabbatar ya halatta amfani na kasuwanci. Kafin a kai fayil wurin mai ɗab'i, a mayar da rubutun ya zama zane, wanda a manhajar CorelDRAW ake yi da Ctrl+Q, sannan a ajiye kwafin da ba a mayar ba, saboda ranar da mai kaya zai dawo ya ce a sauya masa lambar waya.