Darasi na Tara: Bawul Mai Buɗewa da Wutar Lantarki

Idan kun ce a zuba muku mai na naira dubu biyar a gidan mai, kun lura da yadda man ke rage gudu in ya kusa cika kuɗin, sannan ya tsaya cak? Ba hannun mai sayarwa ba ne ya tsayar da shi. A cikin famfon akwai wani ɗan bawul da makanikai ke kira solonoyid. Irinsa ne ke barin ruwa ya shiga injin wanki, kuma a janareta da yawa masu shan dizal shi ne ke datse mai idan an kashe makulli.

Ga yadda aka haɗa shi. Akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe zagaye masu yawa, ita ce koyil. A tsakiyar koyil akwai ɗan sandan ƙarfe mai roba a bakinsa, a bayansa kuma sifirin yana danna shi kan ramin da ruwa ke bi. Aikin sandan kamar na sakatar ƙofa ne. Da zarar wuta ta shiga koyil, sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo sandan sama, rami ya buɗe, ruwa ya wuce. In wuta ta ɗauke, maganaɗisun ya mutu, sifirin ya mayar da sandan ya toshe ramin. Ƙarar "ƙas" da ake ji ita ce motsin sandan. Mafi yawan irin wannan bawul a rufe suke sai an ba su wuta, kuma hakan ya fi kwanciyar hankali: ko an ɗauke wuta da dare, ruwa ba zai malale gida ba. Akwai kuma waɗanda a buɗe suke, wuta ce ke rufe su.

Abin da ya fi janyo wa mutane asarar kuɗi shi ne wannan. Bawul da yawa, har da na injin wanki, ba ƙarfin koyil kaɗai ke buɗe su ba. Sandan yana buɗe wani rami ne ɗan mitsitsi, sai ƙarfin ruwan da kansa ya ɗaga faifan robar da ke tare babbar hanya. Saboda haka in ruwa ba shi da ƙarfi, bawul zai yi ƙara amma ruwan sai dai ya riƙa tsiyaya. Ƙarfin ruwan tanki kuwa daga tsayinsa yake zuwa, ba daga girmansa ba. Tankin da ke mita 10 a sama ya ninka na mita 3 ƙarfi fiye da sau uku. Mai tanki a ƙasa ko ya sayi sabon bawul, matsalar tana nan. Abin yi shi ne a ɗaga tankin, ko a sa ƙaramin famfo mai ƙara ƙarfi.

Yashi ma babban abokin gaba ne, musamman a ruwan rijiyar burtsatse. Ƙwaya ɗaya ta isa ta toshe ɗan ramin nan, ko ta maƙale a ƙarƙashin roba bawul ya ƙi rufewa. Don haka kafin ku ce ya lalace, ku cire wuta daga soket, ku rufe ruwa, ku zaro 'yar rariyar da ke bakin shiga ku wanke ta da tsohon buroshin haƙori.

In ya zama dole a saya, ku karanta rubutun jikin koyil. Na mota da janareta yawanci volt 12 ne ko 24, na injin wanki kuwa wutar gida yake sha, volt 220 zuwa 240. Wanda ya haɗa na 12 da wutar gida, nan take zai ƙone shi. Ku dubi kibiyar da aka zana a jikin bawul, ita ke nuna inda ruwa zai nufa. Kada kuma a ba koyil mai shan wutar gida wuta alhali an zare shi daga kan bututun da sandan ke ciki, domin zafi zai yi har ya ƙone.

Aikin gida: ku nemo batir na tocila, da dogon ƙusa, da siririyar waya mai rufi. Ku nannaɗe wayar a jikin ƙusan kamar sau hamsin, ku taɓa bakunanta biyu a batir na ɗan lokaci kaɗan, domin wayar tana ɗaukar zafi. Ku kai ƙusan kusa da allura, sannan ku saki wayar. Ku rubuta abin da kuka gani cikin layi uku, ku zo da shi aji.