Zoɓon da ya dace da nama

Ƴan uwa, idan da tsire ko kilishi za a sha zoɓo, a nemi mai duhun ja, a rage sukari. Tsaminsa ne ke yanke maiƙon nama.

Kofi 2 na busasshen zoɓo a ruwa lita 3, da citta da kanumfari 5. Ya tafasa minti 10 a sauke. Ya daɗe kan wuta, sai ya yi bauri. Na'ana'a sai bayan an sauke, kada ƙamshi ya tsere.

Don Allah a bar zuba kanwa da yawa, tana kashe tsami, launin ya koma baƙi. A zafin Yamai kuma, wanda aka sa wa sukari ya kwana ba firij zai fara kumfa.