Yadda Ake Yi wa Sabon Mawaƙi Gyara a Kan Waƙar da Ya Tsara da Kansa

Mutumin da ya shafe makonni yana rubuta baitoci, ya ɗora musu rauji da kiɗa, ya naɗa da ɗan abin da yake da shi, sannan ya turo maka ya ce ka saurara ka faɗa masa gaskiya, amana ce ya danƙa maka. Yawancin masu saurare suna sakin wannan amana ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu: ko dai su ce "ta yi daɗi, Allah ya ƙara basira" su wuce abinsu, ko kuma su yi wa waƙar kaca-kaca don a san suna da kunne. Duka biyun ba su bar wa mai waƙar wani abu da zai iya zama ya yi aiki a kansa gobe da safe ba, alhali wannan shi ne kaɗai amfanin gyara.

Kada a ɗauka cewa kowane irin gyara yana ɗaga aiki. A shekarar 1996 wasu masana halayyar ɗan'adam, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara sakamakon bincike masu yawa a kan abin da ke faruwa idan aka gaya wa mutum yadda aikinsa ya kasance, suka tarar cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan, aikin baya ya ci bayan an yi maganar. Bayanin da suka kawo shi ne, duk lokacin da magana ta karkatar da hankalin mutum daga aikin zuwa kansa, ya koma tunanin ko yana da baiwa ko ba shi da ita, amfaninta yana raguwa. Saboda haka duk matakan da ke tafe manufarsu ɗaya ce, wato a tsare magana a kan waƙar, kuma a kan waƙar da shi yake ƙoƙarin yi, ba wadda kai za ka yi ba da a ce taka ce.

Mataki na farko shi ne saurare, kuma ya fi kyau a yi shi aƙalla sau uku kafin a rubuta ko kalma ɗaya. A karo na farko ka saurara daga farko har ƙarshe ba tare da tsayarwa ba, kamar yadda kowane mai saurare zai yi, ka lura da inda hankalinka ya tsaya da inda ya sulale. A karo na biyu ka riƙe alƙalami, kana rubuta minti da daƙiƙa na duk inda wani abu ya taɓa ka ko ya dame ka. Karo na uku na tabbatarwa ne, domin sau da yawa abin da ya yi maka baƙo a jin farko yakan zauna daram a ji na uku, kuma ba adalci ba ne a hukunta sabon abu saboda kawai kunne bai saba da shi ba.

Abin da kake saurare da shi ma yana da tasiri a kan hukuncinka. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri na ƙasa yadda ya kamata, don haka wanda ya ce wa mawaƙi "kiɗanka ba shi da nauyi" bayan ya saurara a waya kaɗai, wataƙila wayarsa yake yi wa hukunci. Haka kuma tun a 1933 wasu masu binciken sauti, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa idan aka rage ƙara, kunnen mutum yana rasa sauti mai kauri fiye da yadda yake rasa na tsakiya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa waƙa mai ƙara takan yi kama da ta fi kyau ko da ba ta fi ba. Ka saurara da abin ji na kunne, ka sake saurara a lasifika, a matsakaiciyar ƙara, kuma ka faɗa wa mai waƙar da me ka saurara.

Mataki na biyu shi ne ka san me yake nema. Akwai wanda ya turo zanen farko ne, murya da gita kawai, yana son ya ji ko amshin yana kama zuciya; akwai kuma wanda ya gama komai yana shirin sakin waƙar jibi. Maganar da za ta taimaki na farko za ta iya rikita na biyu. Idan bai faɗa ba, ka tambaye shi: a wane mataki waƙar take, wa yake so ya saurare ta, wane sashe ne shi kansa bai gamsu da shi ba? Wata ƙwararriyar mai tsara raye-raye a Amurka, Liz Lerman, ta fito da wani tsari na tattauna aikin fasaha a 1990 wanda har yanzu ake amfani da shi. A tsarin nata, masu saurare sukan fara da faɗin abin da ya taɓa su, sai mai aikin ya yi nasa tambayoyin, sai su yi masa tambayoyin da ba su ɗauke da hukunci a ciki, sannan daga ƙarshe su ba da ra'ayi, shi ma bayan sun nemi izininsa. Abin da na fi amfana da shi a nan shi ne tambayar da babu hukunci a cikinta. "Me ya sa ka ja gabatarwar haka?" hukunci ne da ya yafa rigar tambaya. "Me kake so mai saurare ya ji kafin murya ta shigo?" tambaya ce ta gaskiya, kuma sau da yawa mawaƙin da bakinsa zai gano matsalar yana cikin ba da amsa.

Mataki na uku, wato rarrabe waƙar kanta da yadda aka rera ta aka kuma naɗe ta, shi ne ya fi kowanne muhimmanci a wurina, kuma shi aka fi tsallakewa. A duk waƙar da aka turo maka akwai abubuwa uku da suka cuɗanya: tsarin waƙar kanta, wato kalmomi da rauji da jerin baiti da amshi, yadda aka rera ta aka kuma kaɗa ta, da yadda aka naɗe ta aka haɗa sautin. Sabon mawaƙi yawanci a ɗaki yake naɗi, da makirufo mai araha, ƙarar fanka tana shiga, murya tana fashewa idan ya ɗaga ta. Kunnen da bai horu ba yakan ji wannan duka ya ce waƙar ba ta yi ba, alhali mai yiwuwa ne a ƙarƙashin wannan ƙura akwai amshin da ƙwararru za su yi sha'awarsa. Akasin haka ma yana faruwa, inda naɗi mai sheƙi yake rufa wa waƙar da ba ta da abin faɗa asiri. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce ka kashe waƙar, ka gwada rera amshin da bakinka. Idan ya dawo maka, raujin yana da rai, sauran gyare-gyaren na kayan aiki ne. Idan bai dawo ba bayan ji uku, a nan aikin yake, kuma babu sitidiyon da zai magance shi.

Idan ka zo kan kalmomi, ka karanta su a rubuce ba tare da kiɗa ba. Ka duba ko baiti na biyu ya ciyar da jigon gaba, ko kuwa na farko ya maimaita da wasu kalmomi daban. Ka duba inda aka tilasta wa kalma shiga don kawai amsa-amo ya cika, da inda rauji ya ja gaɓar da bai kamata a ja ba har kalmar ta sauya kama. Wannan na ƙarshe ya fi tsanani a harsunan da karin sauti da tsawon wasali suke bambanta ma'ana, kuma mai waƙar ba kasafai yake jin sa ba, domin ya riga ya san abin da yake nufi.

Mataki na huɗu shi ne ka nuna wuri, ka kuma faɗi abin da ya faru da kai a wurin. Na taɓa rubuta wa wani matashi cewa tsakiyar waƙarsa tana da gundura, kuma har yau ina jin nauyin wannan magana, domin bai ƙara turo mini komai ba tsawon watanni. Da na koma na sake saurara, sai na ga abin da ya kamata in faɗa ƙarami ne: amshin bai shigo ba sai a minti 1 da daƙiƙa 40, bayan baitoci biyu masu rauji iri ɗaya. Da na san abin da na sani yanzu, ga yadda zan rubuta masa: "Ɗan'uwa, daga daƙiƙa 50 zuwa minti 1 da daƙiƙa 40 na ji ina ta jiran wani abu ya sauya, da amshin ya shigo kuwa sai na ji ya biya ni. Ko ka gwada shigo da shi bayan baiti na farko ka ji yadda zai zauna?" Wannan magana tana da wuri, tana da dalili, kuma ta bar masa zaɓi. Abin da ka ji a ranka shaida ce da ba wanda zai musa maka, amma maganin da ka kawo shawara ce kawai, mai waƙa yana iya samo wanda ya fi naka.

Yabo ma haka yake bukatar wuri da dalili. Idan ka ce masa yadda kiɗa ya ɗauke gaba ɗaya kafin amshi na ƙarshe shi ne ya sa tsigar jikinka ta tashi, ka koya masa abin da zai riƙe ya kuma maimaita da saninsa. Ban yarda da ɗabi'ar ƙirƙiro yabo don a naɗe suka a cikinsa ba, domin mutane suna ganewa, kuma daga ranar duk yabonka ya zama sallama ce kawai kafin duka.

Mataki na biyar shi ne zaɓe. Takardarka tana iya cika da abubuwa goma sha biyu, amma ka ɗauki biyu ko uku waɗanda idan aka gyara su waƙar za ta fi ɗagawa, ka ajiye sauran har sai ya nema. Yayin zaɓen ka tace ɗanɗanonka daga ciki. Murya da ta kauce wa sauti, ko ganga da ta riga sauran kiɗa gudu, kuskure ne da kowa zai ji. Amma cewa waƙar ta cika sanyi, ko ba ka son irin wannan salo, ɗanɗanonka ne, kuma idan har za ka faɗa, ka bayyana cewa naka ne. Idan salon ba wanda ka sani ba ne, faɗin haka tun farko yana ƙara wa sauran maganarka daraja.

Akwai wata magana mai nauyi da ba a so a yi shiru a kanta. Idan raujin ya yi kama sosai da na wata waƙa da ka sani, ka gaya masa shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ka ambaci waƙar da daidai wurin, ba tare da zargin sata ba, domin kunne yana ɗauko abin da ya taɓa ji ba tare da mai shi ya sani ba. Gara ya ji daga gare ka tun waƙar tana hannunsa. Haka nan ka tuna cewa waƙar mallakarsa ce. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallakar ayyukan adabi da fasaha, wadda aka fara ƙullawa a 1886 kuma mafi yawan ƙasashen duniya suka shiga, haƙƙin mallaka ba ya jiran rajista. Kada ka tura wa kowa ita, kada ka sake haɗa ta da kanka don nuna masa "yadda ake yi", sai da izininsa.

Bayan ka aika, kada ka matsa masa da neman amsa, kuma idan ya kare wani abu da ka soka, ka saurari hujjarsa, wataƙila ya ga abin da ba ka gani ba. Idan ya dawo da gyararriyar waƙa, ka buɗe tsohuwar da sabuwar a jere, ka daidaita ƙararsu don kada wadda ta fi ƙara ta yaudare ka, ka tafi kai tsaye wuraren da ka ambata a baya, ka faɗa masa wanne ne ya gyaru, wanne ne kuma tsohon ya fi.