Yadda za ka kwana a Tsumago ba tare da ka kwafsa ba

In Allah ya kai ka Japan kuma kana da rarar kwana biyu, ka bar Tokyo da hayaniyarta ka nufi Tsumago, wani ɗan ƙauye a kwarin Kiso cikin duwatsun Nagano. Shi ne zango na 42 cikin zanguna 69 na tsohuwar hanyar Nakasendo da ta haɗa Edo, wato Tokyo ta yanzu, da Kyoto, kuma mutanen garin sun yi alkawari tsakaninsu ba sayar da gida, ba bayar da haya, ba rushewa, shi ya sa har yau gidajen katakon nan suke tsaye, ko wayar lantarki ba za ka gani a babban layin ba, duk an ɓoye.

In ka bar Tokyo ka fara isa birnin Nagoya, daga can ka hau jirgin ƙasa zuwa Nakatsugawa, sai bas zuwa Magome, zangon da ke maƙwabtaka da Tsumago, daga nan kuma ka taka da ƙafa, wajen kilomita 8 ne, awa biyu zuwa uku. Ta Magome nake cewa ka fara don gangara ta fi yawa ta wannan ɓangaren. Akwai ƙararrawa da aka kakkafa a hanya, ba ado ba ne fa, ta korar beyar ce, wato dabbar dajin nan da Bature ke kira bear, ka kaɗa ta ka wuce. Ka kama hanya da wuri, don kafin biyar na yamma shaguna sun rufe, kuma ka riƙe tsabar kuɗi.

To sai masauki, wanda suke kira ryokan. Ka kama ɗaki tun da makonni don ba su da yawa, kuɗin kuma kowane kai ake lissafawa, da abincin dare da karin kumallo a ciki. Tun lokacin kama ɗakin za ka gaya musu ba ka cin naman alade kuma ba ka son giya a girki, don giyarsu ta shinkafa da suke kira mirin da sake tana shiga miyarsu sosai, kar ka bari sai an jera maka kwanuka goma a gabanka sannan ka fara kame-kame, matar gidan tun safe take aikin. Wajen ƙarfe shida ake zama cin abinci, makara rashin ladabi ne.

Takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa, wannan kam ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Za a ba ka silifas, amma shi ma ba ya hawa tabarmar ɗaki da suke kira tatami, sannan bayi da nasa silifas daban, kuma wallahi nan baƙi suka fi kwafsawa, mutum ya fito da shi har gaban abinci. Rigar yukata da za ka tarar a ɗaki, ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama, in ka juya to haka ake sa wa gawa.

Wanka kuma, a kan ɗan kujera kake zama ka cuɗa jikinka tas ka ɗauraye kumfa kafin ka shiga kwamin ruwan zafi, don ruwan na kowa ne. A wurare da yawa tsirara ake shiga tare da wasu, saboda haka ka tambaya tun farko ko ana shiga bi da bi a kulle ƙofa. Kar ka ba kowa tukwici, ba al'adarsu ba ce. Bayan isha ka ɗan leƙa waje, 'yan yawon rana duk sun watse, sai fitilu a ƙofar gidaje da ƙarar ruwa a magudana, sannan ka dawo kan katifarka da aka shimfiɗa a ƙasa.