Yadda Za Ka Kalli Wasannin Rowan Atkinson Ka Ji Daɗinsu

Mafi yawanmu da sunan Mista Bin muka san shi, don haka daga nan ya dace a fara. Nemi fitowa ta farko, wadda tashar ITV ta nuna a 1990, ka kalle ta a natse ba tare da latsa waya ba, domin kusan dukkan abin dariyar a fuskarsa da hannuwansa yake. Ka lura da shi a ɗakin jarrabawa, yadda yake matsawa sannu a hankali yana leƙen takardar maƙwabcinsa, sai da lokaci ya kusa ƙarewa ya gano cewa akwai wata takardar tambayoyi a cikin ambulan. Ni dai sau da yawa nake mayar da wannan wuri baya, kuma kullum sai na ga wani motsin gira da ya kuɓuce mini.

Daga nan sai ka koma Blackadder, shirin barkwanci na BBC, inda harshensa ne makaminsa. Shawarata ita ce ka tsallake zango na farko na 1983, ka fara da na biyu na 1986, wanda aka gina a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Kunna rubutun ƙasan allo, saboda Turancin yana da sauri kuma cike yake da habaici.

Zango na huɗu, na 1989, a bar shi ƙarshe. A ramukan sojoji na Yaƙin Duniya na Ɗaya yake, kuma a mintunansa na ƙarshe dariya takan ɗauke, jikin mai kallo ya yi sanyi.