Yadda na magance yawan kumfa a giyar ganga a wuri mai tudu

Giyar gangar da nake ajiyewa a gida, a wuri mai tsayin kusan mita 1,800 daga matakin teku, tana fitowa da kumfa har fiye da rabin kofi, duk da cewa ma'aunin gas ɗin da ke tura giyar daga ganga yana kan psi 12 da aka saba amfani da shi (psi awon ƙarfin matsi ne). Da na haska tiyon da ke kai giyar daga ganga zuwa famfo da tocila, sai na ga ƙananan ƙwayoyin iska sun taru a cikinsa, alamar gas yana kuɓucewa daga giyar tun kafin ta isa famfo.

Dalili shi ne, ma'aunin yana auna matsi ne bisa na iskar da ke kewaye da shi, ita kuwa iskar tana rasa kimanin rabin psi a kowace mita 300 da aka hau. Saboda haka na ɗaga matsin zuwa psi 15, na daidaita sanyin firji a digiri 3 na Celsius.

Ƙarin matsin ya sa giyar fita da ƙarfi, don haka na maye gurbin gajeren tiyon da siriri mai tsawon mita 3 domin ya rage gudunta, wanda a ganina shi ya fi komai tasiri. Kofin farko kaɗai ke ɗan kumfa yanzu, saboda ɗumin famfo.