Yadda ake ɗaga furotin da hasken leza ba tare da an farfasa shi ba

Furotin abu ne mai rauni. In ka haska masa leza kai tsaye, tarwatsewa zai yi, na'urar auna nauyin ƙwayoyi ta tarar da ɓaraguzai kawai. Dabarar da ake kira MALDI ta kauce wa haka ta hanyar sa wani sinadari ya sha dukan a madadinsa. Michael Karas da Franz Hillenkamp na Jami'ar Frankfurt a Jamus ne suka raɗa mata suna a 1985. Koichi Tanaka na kamfanin Shimadzu a Japan kuwa ya sami kyautar Nobel ta 2002 kan hanya makamanciyarta, inda ya yi amfani da garin kobalt cikin gilisarol.

Da farko ka zaɓi sinadarin rakiya, wato ƙaramin asid mai shanye hasken leza. Manyan furotin sun fi son sinafinik asid, guntayen furotin kuma CHCA, yayin da DHB ya fi dacewa da sarƙoƙin sukari. Ka narka shi cikin ruwa da asetonitiril, da ɗan asid na TFA kamar kashi 0.1 cikin ɗari.

Sai ka gauraya shi da samfurinka, amma ɗan rakiyan ya rinjaya nesa ba kusa ba, ninki dubu ko fiye. Hikimar ita ce kowace ƙwayar furotin ta zauna ita kaɗai, kewaye da masu kare ta. In akwai gishiri a samfurin, ka wanke shi tukuna, don sodiyam kan liƙe wa ƙwayar ya haifar da ƙarin tsini mai ruɗarwa a zanen sakamako, inda kowane tsini ke nuna wani nauyi.

Ka ɗiga mikrolita ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na mililita) ko rabinsa a kan farantin ƙarfe, ka bar shi ya bushe da kansa. A ganina nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Leƙa ɗigon ta kyamarar na'ura: CHCA kan shimfiɗu sumul kamar farar ƙura, DHB kuwa yakan fitar da dogayen allurai a bakin da'irar ya bar tsakiya kusan fayau. A kan alluran nan za ka nemi wurin da ke ba da sigina mai kyau. A gefe ka ɗiga furotin da aka riga aka san nauyinsu, da su za ka saita ma'auni.

Bayan ka tura farantin ciki an zuƙe iska, sai harbi. Lezar naitirojin tana aiki a tsawon zangon haske na nanomita 337, ta Nd:YAG kuma a 355, kowane harbi 'yan nanosakan ne kacal. Ɗan rakiyan ya shanye hasken, ya yi tsiri sama kamar hayaƙi, ya kwashi furotin ɗungurungum, a hanya kuma ya miƙa masa furoton ɗaya, wato ƙwayar haidirojin mai cajin lantarki, ya zama mai caji. Don Allah ka fara da ƙaramin ƙarfi, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har sigina ta ɓullo, sannan ka tsaya dab da nan. In ka zarce, tsinin zai baje, abin da kake lallaɓawa ya fara karyewa.

Sauran aikin na na'ura ne. Wutar lantarki ta kusan bolt 20,000 tana cilla ƙwayoyin cikin bututu mai tsawon mita ɗaya zuwa biyu, marasa nauyi su riga isa, masu nauyi su biyo baya, daga lokacin tafiyar kuma a lissafa nauyin. Harbi ɗaya ba ya wadatarwa, sai ka tara ɗaruruwa kana matsawa daga wuri zuwa wuri a kan ɗigon. Da wannan hanya dakunan gwaji na asibitoci ke gane nau'in bakteriya cikin mintuna, ta duba furotin masu nauyin dalton 2,000 zuwa 20,000 (dalton ɗaya kusan nauyin ƙwayar zarrar haidirojin ɗaya ne).